Faɗuwar Shaho

Karo na tara ke nan wani direba yana mayar da bidiyon baya a wayarsa, kuma duk a bakin shagon tela, a kan bencin da aka ajiye don masu jiran ɗinki.

Kwana uku ke nan da faruwar abin. A wasan kokawar zamani, irin wadda 'yan wasa ke tsara kamunsu tun kafin su hau dandali, Gatari ya cafki Shaho ta ƙugu ya ɗaga shi, ƙafa a sama kai a ƙasa. Kamu ne da suka yi ya fi sau ɗari: ya juya shi a iska, ya shimfiɗe shi a gadon baya, 'yan kallo su yi ihu, kowa ya kama gabansa. A ranar sai Shaho ya suɓuce, ya sauka a kan wuyansa. Yanzu yana kwance a asibiti, ƙafafunsa ba sa motsi.

"Da gangan ya sake shi," in ji direban. "Ya ga Shaho zai ƙwace masa suna."

Mai gyaran waya ya karɓe wayar ya matso da hoton. "Haba yayana, dubi kan Shaho mana. Bai lanƙwasa wuya ba. Ko ɗan koyo ya san wannan."

Mai aski kuwa tun jiya ya ɗora wa alƙalin wasa laifin, kuma ba shi da niyyar sauke masa. Wai ya ga duk sun jiƙe da gumi, me ya hana shi tsayar da wasa?

Tela bai ɗaga kai ba. Keken ɗinkinsa yake takawa da ƙarfi, ko ƙarar za ta rufe muryoyinsu, amma ina. Duk sanda bidiyon ya kai wurin da 'yan kallo ke yin tsit, sai ƙafarsa ta tsaya da kanta. Abincin da matarsa ta aiko tun rana yana nan a rufe a ƙarƙashin tebur. Rigar makarantar da ke gabansa, aikin rabin awa, tun safe yake fama da ita. Ya bi ɗinkin kafaɗa, ya sake bi, ya ja da hannu biyu, ya sake bi.

Abin da ke ƙona masa rai, kowannensu magana yake da cikakken tabbaci. Direban bai taɓa ɗaga ko buhun siminti ba, amma ga shi yana koyar da yadda ake riƙe ƙato a sama. Kuma maganar ba a benci ta tsaya ba. Jiya an farfasa gilashin motar Gatari. Yaransa sun daina zuwa makaranta saboda jifa. Yau da ƙarfe huɗu ƙungiyar 'yan kokawa za ta zauna ta yanke ko za a kore shi har abada.

"Baba tela, raba mu gardama," in ji mai aski. "Wa ke da laifi?"

"Duk cikinku babu wanda ya kalli hannun Gatari," in ji tela.

Suka sake duba wayar. Hannun na nan a dunƙule gam, ko bayan Shaho ya kai ƙasa. Direban ya ce ai shi ke nan, dunƙule hannu alamar mugunta ce. Mai gyaran waya ya ce a'a, firgita ce. Musu ya dawo sabo, har ya fi na dā zafi.

Tela ya ja tsaki, ya dubi agogon bango. Huɗu saura kwata. Ya miƙe ya ce su ba shi benci zai rufe shago. Suka bi shi da kallo, don ba su taɓa ganin ya tashi kafin magariba ba.

Ofishin ƙungiyar ɗaki ne guda a saman gidan motsa jiki. Mutum biyar a bayan dogon tebur, Gatari a kan kujerar roba shi kaɗai, ƙato guda ya zabge, idanu sun yi ja. Yana ta nanata cewa bai saki ba, ya rantse bai saki ba, babu mai ko kallonsa. Shugaban ya riga ya zare murfin biro lokacin da tela ya turo ƙofa yana haki.

"Malam, zama muke. Kai kuma wa?"

Tela ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa, bai saki ba. Ƙugun wandon ne ya yage ya bar masa ƙyalle a hannu. Ni na ɗinka wa Shaho shi da safiyar ranar, ina sauri, inda ake bi sau uku na bi sau ɗaya."