Albasar da Na Wanke

Ranar nan malaminmu na firamare ya manna wani hoto a allo, wanda ya yanko daga kalanda: albasa, karas da kabeji zube a kan tebur. Ya ce wani mutumin ƙasar Estoniya ne ya zana. Da aka tashi tara ya ce kowa ya samo kayan lambu ya zana, wanda ya fi iyawa hoton nasa ne.

A Kura kowa ya san mai kyau ake ɗorawa a saman kwando. Na zaɓi albasa, na ɓare busasshen ɓawon, na wanke ta har tana ƙyalli. Sabi'u ɗan baffana kuwa tsinto tasa ya yi a bakin gona, da ƙasarta da saiwarta.

Malam ya daɗe yana kallon takardar Sabi'u. Da ya zo kan tawa sai ya ce, "Yarinya, ke talla kika zana, shi kuma albasa."

Har yau hoton yana shagon Sabi'u, duk ya koɗe. In na je gaishe shi, kujerar da ta ba hoton baya nake zaɓa.