Ƙamshin Uwa

Tun da aka kawo man nan, sauro ya daina gane mutum. In ka shafa, warin jikinka ɓacewa yake, sauro ya wuce ka kamar bango. Gidan sauro na barci ne, man kuwa na kowane lokaci.

Da hantsi na goya Ramlatu na je wurin Gwoggo Lantana, mai sayar da shi a bakin kasuwa.

"Har yanzu tana ƙin nono?" in ji ta.

"Tana kamawa, Gwoggo, amma kamar a hannun baƙuwa. Ina rungume da ita tana waige-waige, ni take nema."

"Ki ɗan bar shafawa mana, 'yar nan, ta san uwarta."

"In sauro ya ji ni, ita zai samu. Yayanta ma da damina zazzaɓi ya ɗauke shi."

Gwoggo ta miƙo kwalbar.

A gida na shafa wa Ramlatu, na shafe jikina har wuya. Ta cusa hanci a ƙirjina ta shinshina, sai ta ɗago tana kallon ƙofa. Na gyara mata zama yadda za ta gani sosai, muka yi ta jira tare.