Fitilar Hagu ta Motar Baba

Ina 'yar shekara tara Baba ya sayi ƙaramar mota. Fitilarta ta hagu sama take kallo, direbobi har zaginsa suke a hanyar Kuje.

Wata Asabar dab da magariba ya fuskantar da ita bangon gidanmu a Garki, ya kunna fitilun, ya ja layi da alli a jikin bangon. Ya ce, "Uwata, in haske ya sauko kan layin, ki ce ya isa."

Yana murza sukuru, hasken ya zo daidai. Amma aiki ba ya barinsa zama da mu, sai na ce, "Saura kaɗan, Baba."

Ya leƙo, ya ga layin, ya dube ni, ya koma yana murzawa a hankali. Tun da ya rasu nake kewar wannan kallon.