Ɓarawon Gwanda

"Faɗa mana gaskiya, 'yar nan, akwai tsuntsun kuwa?" in ji baƙon, yana ɓamɓare matsattsaku daga ƙwaurinsa.

Ni ce ja-gorar waɗannan 'yan yawon buɗe ido. Tun farkon mako nake jan su cikin kurmin Daintree, shi da matarsa, muna neman kasowari, ƙaton tsuntsun nan namu mai kama da jimina. Na nuna musu sawunsa, na nuna musu kashinsa tun da ɗuminsa.

"Ba mu ƙetaro teku don kallon kashi ba," in ji matar.

Da yamma manajan kamfaninmu ya kira ni, ya ce baƙi sun kai ƙarata, in je gida in huta har sai ya neme ni.

Na iso gida jiƙe sharkaf, sai na ji Inna tana buga murfin tukunya a bayan ɗaki. Na leƙa. Ga kasowarin nan tsaye a tsakiyar lambunta da shuɗin wuyansa, ya kusa kamo ni tsawo, yana haɗiyar gwanda hankali kwance, 'yan tsakinsa na biye.

"Inna, tun yaushe yake zuwa?"

"Kullum. Kina fita yana shigowa. Ya ƙarar min da gwanda, ɓarawon banza."

"Shi ne ba ki faɗa min ba? Aikina fa na rasa saboda shi."

"Kina dawowa sai barci, yaushe kika taɓa sauraron kukana?" Ta miƙo min tsintsiya. "Ungo, taya ni korarsa."