Farar Riga da Hasken Filas

Tun daga bakin ƙofa Walƙiya ya ga filas ya haska sau biyu, ya san an yi ɓarna. Shekara goma sha biyar yana ɗaukar hoton biki, ba sai ya duba allon kyamara ba.

Ya kutsa cikin jama'a, baki har kunne, sabon takalmi na matsa masa yatsu, ana ta miƙo hannu yana gaisawa a guje. Kyamara na hannun Dogo, abokin sana'arsa, wanda ya bar ta tana auna haske da kanta. Ai kuwa farar rigar amarya ta ruɗe ta, ta rage haske, fuskar baiwar Allah ta fito duhu, sai haƙora kawai.

Kuma wannan hoton ba na wasa ba ne. Mahaifiyar amarya na kwance a gida da karyayyar ƙafa, waya a hannu, shi kaɗai take jira ta ga 'yarta a ranar aurenta.

"Kawo nan, Dogo, kada ka kunyata mu."

"Haba Walƙiya, yau ma?"

Tuni ya fizge. Ya kashe awon kyamarar, ya ɗaga kan filas ya kalli silin don hasken ya sauko a hankali, ya ƙara ƙarfi zuwa rabi. Ya danna. Goshi ya yi ƙyalli. Ya rage zuwa rubu'i, ya matsa taku biyu, ya durƙusa har wando ya yi ƙara. Ya sake dannawa.

Wayyo daɗi! Ga fata sumul, ga zanen rigar zare-zare, ga ido na sheƙi, ko da yake hararar kyamarar take yi. Murna ta kwashe shi, ya yi tsalle, ya rungume Dogo, ya nuna wa wata tsohuwa da ba ta tambaye shi ba.

Saura babban hoton. Ya ɗora ido a kyamara, ya ga kujerar gefen amarya wayam. Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ɗaga murya yadda ya saba a kowane biki:

"Jama'a, ina angon ne? Kullum ango sai ya ɓata wa mutane lokaci!"

Jama'a suka juyo suna kallonsa. Amarya ta dafa kujerar, tana danne dariya.

"Angon nawa, miƙa wa Dogo kayansa ka zo ka zauna, Mama mu biyu take son gani."