Motar Barira Ta Ƙi Tashi

Tun da aka kafa kyamarorin kama masu gudu a hanyar Zariya, aka daina aika wa direbobi sammaci. Motar mutum ce ke faɗa masa da bakinta.

Ranar Laraba da safe Barira ta shiga motarta za ta kai ɗinki kasuwa. Ta murɗa makulli, motar ta ƙi tashi. Sai wata murya mai laushi ta ce, "Barka da asuba, Hajiya. Jiya an wuce ƙa'idar gudu da ni. Faɗi sunan wanda ya tuƙa, sai mu tafi."

Ƙaninta Sallau ne ya tuƙa motar. Maciji ya sari maƙwabcinsu a gona, ya kwashe shi a guje zuwa asibiti, mutumin ya rayu. Amma kotun na'ura ba ta sauraron dalili, lasisi kawai take ƙwacewa, Sallau kuwa da tuƙi yake ciyar da iyalinsa.

"Ban sani ba," in ji Barira.

"Kin sani, Hajiya. Numfashinki ya canza."

Sallau ya matso bakin taga, idonsa ya yi ja, ya buɗe baki zai tona kansa. Barira ta galla masa harara, ta yi kamar ba ta san shi ba.

"Bawan Allah, ba ni hanya in wuce."

Ta fito ta ɗora ƙunshin ɗinkin a ka.

"Gobe zan sake tambaya, Hajiya," in ji motar.

"Ki yi ta tambaya har kaji su fara ƙwai a cikinki."

Ta gyara mayafi, ta kama hanyar kasuwa a ƙasa.