Zaren Awon Inna

Lissafinsa ya nuna ƙullutun ƙirjin Inna zai ɓace kafin damina, amma ita sai ramewa take.

Shi ɗan nata malamin lissafi ne a lakwal, wato makarantar boko, a Ƙonni. Tun da aka fara mata maganin ciwon daji, duk Juma'a takan shige ɗaki, don ɗa ba ya ganin ƙirjin uwa, ta auna ƙullutun da zare ta miƙo masa. Kowane mako zaren raguwa yake.

"Inna, anya daidai kinka auna?"

"Kai dai rubuta, ɗan nan."

Yau yana kakkaɓe tabarmarta, sai ga guntayen zare tara, duk an datse su da haƙori. Ya jera su. Kowanne ya fi wanda ya gabace shi tsawo. Ashe datse zaren awon take kafin ta miƙo masa.